Shago da Farin Karen Rahila

A Unguwar Ɗorawa ta ƙasar Makoɗa, in ka ce kare to ka ce Shago. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, da wani dogon tabo a dantse inda gadu ya tsarge shi tun yana saurayi. Ubansa ya mutu a kan tsafin kakanni, shi kuwa ya shiga coci tun kafin ya yi aure, ya bar giya, ya bar yanka a gindin tsamiya, amma farauta da kare kam ko fasto bai yi gigin hana shi ba. Ya tashi a zamanin da akwai sauran daji tsakanin gari da gari. Yanzu kuwa gona ta haɗe da gona, ko zomo ba shi da wurin ɓuya, sai dai da rani mafarauta su cika mota su nausa dazukan Bauchi. Shago ya bi su shekara da shekaru, har gwiwa ta ce ta gaji, ya dawo gida ya zama likitan karnukan jama'a.

Likita ne kuma mai doka. Kare ba ya shiga ɗaki. Kare ba ya ci sai mutum ya ƙoshi. Karen da ya kamu da ƙazwa kuwa, a raba shi da mutane, a kwaɓa baƙin man inji da farar wuta a shafe shi tun daga kunne har wutsiya, a ɗaure shi a inuwa. Daga Ɗambatta har Bagwai ana kawo masa karnuka a bayan babur. Ko maganin ne yake aiki, ko karnukan namu ne masu taurin rai, oho. Shi dai Shago bai taɓa shakka ba, kuma duk wanda ya yi masa gardama ya sha baƙar magana.

Matarsa Alisabatu mace ce mai shiru, ga juriya. 'Ya'yansu maza suna cikin Kano wajen neman abinci. 'Yarsu ta fari sunanta Rahila, amma ba daga bakin iyayenta za ka ji sunan nan ba. Mutanen dā ne, masu kunyar ɗan fari. "Yarinyar nan" suke ce mata, tun tana goye har ta yi furfurar fari a gefen kai. Ba rashin ƙauna ba ne, haka suka tarar ana yi. In Rahila ta zo Kirsimeti daga Jos, uwar sai ta kau da kai ta ce, "An iso?" Sannan ta zagaya bayan ɗaki ta kamo kazar da ta fi kowace ƙiba.

A Jos ɗin, Rahila girki take yi wa wata tsohuwar baturiya ma'aikaciyar jinya. Da tsufa ya mai da baturiyar ƙasarsu, sai ta bar wa Rahila ɗan karenta. Rahila ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, karen nan shi ne abokin zamanta.

Sai wani zazzaɓi mai yaɗuwa ya kama ta, kafin labari ya iso gida har ta cika. A al'adar mutanen Unguwar Ɗorawa, mata ne suke wanke mace. Ko da kunya za ta hana uwa sa hannu, ita ce take dafa ruwan, ita take ba da zanen da za a naɗe gawa, a kuma kira ta ta dubi fuska kafin a rufe. Alisabatu ta ɗora ruwa, ta fito da farin zanenta na ƙasan adaka ta ajiye. Da motar ta iso, sai ga akwati a ƙulle da ƙusa, da wasu maza sanye da safar hannu da takunkumi, suka ce kada kowa ya matso, kada kowa ya taɓa. Su suka sauke, su suka rufe. Ruwan ya huce a tukunya, zanen ya koma adaka.

Alisabatu ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tsofaffin mata suka yi ta yaba mata, wai ta yi kara, ta nuna ita 'yar gidan mutunci ce. To, yabo dai an yi shi, 'yan makoki suka watse, aka bar Shago da abin da ya fi ƙarfinsa. Matar ta daina ci. Za ta tuƙa tuwo ta miƙa masa, ita ta koma bakin gado ta zauna tana kallon bango. Ta daina zuwa taron matan coci, ta daina leƙa gonarta ta gyaɗa. Wuyanta ya yi tsawo, zane ya fara zame mata daga ƙugu. Shago da bai ji tsoron gadu ba, sai ga shi tsoro ya kama shi sosai. Ya binne 'ya, yana kuma kallon uwar tana bin ta a hankali.

Ana cikin haka wata ƙawar Rahila ta kawo kayanta daga Jos: jaka biyu, da tukwane, da kwando rufe da tawul. Da aka buɗe kwandon, sai wani abu fari fat ya diro, gajerun ƙafafu, kunnuwa a tsaye, idanu baƙi wuluk, gashi buzu-buzu. Ƙawar ta ce Auduga Rahila take kiransa.

Shago ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan kare ne ko ɗan tunkiya?" ya ce. "Me zai kama? Fara?"

Auduga bai ko kalle shi ba. Ya bi ƙanshin jakunkunan har cikin ɗakin Alisabatu, ya haye kan tulin zannuwan Rahila ya kwanta. Shago ya ɗauko sanda, don dokarsa doka ce.

"Bar shi, Maigida," in ji Alisabatu.

Rabon da ta ce masa wani abu da ya wuce gaisuwa har ya manta. Ya ajiye sandan.

Ashe karen ɗan gata ne. Aka zuba masa dusa da ruwa yadda ake yi wa karnukan gida, ya sunsuna ya juya baya. Aka ba shi tuwo a kasko, ya ƙi. Rahila ta saba masa, ba ya ci sai ya ga mutum yana ci, a gutsuro daga kwanon a miƙa masa a tafin hannu. Alisabatu ce ta gano haka. Don kada karen yarinyar nan ya mutu da yunwa a hannunta, sai ta jawo kwano ta kai loma bakinta, ta miƙa masa loma. Shago yana daga gindin ɗorawa yana kallo ta wutsiyar ido, yana ta gode wa Allah a ransa. Kare ya shiga ɗaki, kare yana ci tare da mutum, dokoki biyu sun faɗi, bai kuwa hana ba.

Shi kansa bai daɗe ba ya sauko. Wata gafiya ta addabi rumbunsu, manyan karnukansa biyu sun yi haushi har sun gaji, ramin ya fi ƙarfin kafaɗunsu. Wata safiya sai Auduga ya kutsa ƙarƙashin rumbun, aka ji kokawa, ya fito da baya yana jan gafiyar da ta kusa kai shi girma. Shago ya riƙe baki. "Kai! Ashe namiji ne." Daga ranar, in ya sami nama, sai ya ware masa tsoka a ɓoye.

Da damina ta zauna, gero ya yi bununi, sai ciwo ya tashi. Da fari lasar ƙafa ce, ba dare ba rana, har farin gashin tafinsa ya rine ya yi ja kamar an sa masa lalle. Sai susa. Ya goga fuska a ƙasa, ya goga gadon baya a jikin turmi, ya karce kunne har jini. Kunnuwan suka fara wari. Gashin ciki da na hammata ya zube, fatar ta yi baƙi, ta yi kauri, ta yi maiƙo. Idanunsa kullum da kwantsa. In ya ɗan kori kaza kuma sai ya tsaya yana wani busasshen tari, yana haki.

Shago ya duba sau ɗaya ya ce ƙazwa ce. Me zai tsaya dubawa? Ya ga irinta ta fi a ƙirga. Ya kuma san ƙazwa tana tsallakawa daga kare zuwa mutum. Ga shi abin nan a gefen matarsa yake kwana, a tafin hannunta yake ci. Duk sanda ya rufe ido, mutanen nan masu safar hannu yake gani. Ciwo mai yaɗuwa ya riga ya ɗauke masa mutum ɗaya, ya rantse ba zai zauna yana kallo wani ya shigo masa ɗaki ba.

Bai yi shawara da ita ba, nan ne ya yi kuskure na farko. Ya bari sai ran Lahadi, don a lokacin ta koma zuwa coci. Ya ce gwiwa ta hana shi tafiya. Tana fita ya kwaɓa baƙin mai da farar wuta, ya danne Auduga tsakanin ƙafafunsa ya mulke shi tas, karen yana kuka yana zillo. Ya ɗaure shi a ƙarƙashin rumbu, inda ya fi ko'ina inuwa, a kan ɓuntu da ƙurar hatsi.

Alisabatu ta dawo da littafin waƙoƙinta a hannu. Ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon baƙin abin da yake karkarwa a ƙarshen igiya.

"Magani ne," in ji Shago. "Ƙazwa ce, Uwargida. Kada ki taɓa shi, za ki ɗauka."

"Kada in taɓa," ta maimaita a hankali. Sai ta ce, "Fari fa aka bar mana shi."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ba ta ci ba, washegari ma haka.

Karen kuma maimakon sauƙi sai abin ya ci gaba. Ya lashi man ya yi ta amai. Inda fatar take a buɗe man ya ƙone ta, ta kumbura tana ruwa. Ya daina haushi, sai haki, harshe a waje. Shago ya zauna a kan turmi tsakanin rumbu da ƙofar ɗaki, nan mai ciwo, can mai ciwo, kuma duka da hannunsa. Da karen gida ne da yanzu ya fara ɓawo. Abin da ya sani ya ƙare.

Maƙwabcinsa Kallamu ne ya leƙo ya same shi haka. Babarbare ne mai sayen hatsi, kakanninsa suka zo daga Borno, shi da Shago kullum cikin tsokanar juna suke. Ranar bai yi tsokana ba. Ya ce akwai wata likitar dabbobi a Dawakin Tofa, ita ta ceto masa ragon layya bara.

"Yarinya ce za ta koya mini kare?" in ji Shago, amma muryar ba ƙarfi.

"To zauna da girman kanka, ka binne biyu," in ji Kallamu. "Tashi mu je. Sa shi a kwando ka rufe da buhu, kada ya lasar mini riga, ina da salla a gabana."

Likitar sunanta Asiya, 'yar siririya, ba ta kai ƙaramin ɗan Shago shekaru ba. Da ta ɗaga buhun sai ta yi salati.

"Baba, wa ya shafa masa wannan?"

"Ni ne."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta goge wuri ɗaya a fatar, ta kankaro kaɗan, ta sa a ƙarƙashin madubin da ake ganin ƙwayoyin cuta. Ta sake kankaro wani wurin, ta sake dubawa. Sannan ta ɗago.

"Ba ƙazwa ba ce, Baba. Irin waɗannan karnukan daga ƙasar sanyi suka fito, don shiga ramin dabbobi aka yi su."

"Wannan na gani da idona," in ji Shago.

"To da yawansu da wannan larurar ake haihuwarsu. Jikinsu ba ya shiri da ƙurar hatsi, da garin furen ciyawa, da cizon ƙuma. Da sun taɓa su sai fata ta tashi. Kunnen nan da lasar ƙafar duk abu ɗaya ne. Idon kuma hawaye ne ya yi masa ƙaranci, shi ma suna yawan yi. Ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. A ina yake kwana?"

"Ƙarƙashin rumbu," in ji Shago.

Yana faɗa ya gane cewa cikin ƙurar hatsin ya ɗaure shi. Can ya tambayi abin da ya kawo shi. "Mutum yana ɗauka?"

"Sam. Ko a tabarma ɗaya kuke kwana."

Sai ta ɗora abin sauraron ƙirji a haƙarƙarin karen, fuskarta ta canja. Ta cire ta sa wa Shago a kunne. Ya ji wani ƙaras-ƙaras a duk numfashi, kamar ana taka busasshen ganye. Ta ce huhun ne yake ƙandarewa, ciwon tsufan irinsu ne, kuma ba shi da magani. Da wuya ya ga wata daminar.

"Ni na jawo masa?"

"Ƙunar fatar da aman, man ne ya jawo, kada ka ƙara shafa wa kowane kare. Ƙirjin kuwa da shi ya zo."

Ta ce in ya ga dama ya bar shi, akwai allurar da za ta kwantar da shi ba tare da wahala ba. Shago ya fahimci wannan sarai. Mafarauci ba ya barin karensa ya wulaƙanta, shi da kansa ya sha hutar da nasa a daji. Ya dubi ɗan abin da yake haki a kwando, ya tuna labulen da aka saki.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Ba ni abin da za a lallaɓa shi da shi."

Ta ba shi sabulun ruwa na wanka, da ƙwayoyi, da maganin ɗigawa a ido da kunne, ta yi masa bayani dalla-dalla.

Shago bai iya ba da haƙuri ba, tunda yake bai taɓa koya ba. Da suka dawo, sai ya ɗora ruwa da kansa, ya kawo baho ya dire daidai ƙofar ɗakin matarsa. Ya ce da ƙarfi, wai da Kallamu yake magana alhali Kallamu ya riga ya fita, "Likita ta ce ba ƙazwa ba ce. Ba a ɗauka. Ni ne ban gane ba." Sannan ya tsoma karen ya fara cuɗawa da hannuwan nan nasa masu kaushi. Auduga ya tsala ƙara.

Labule ya motsa.

"Ba haka ake yi ba," in ji Alisabatu. "Matsa."

Ta durƙusa ta taɓa ruwan da gwiwar hannu, ta ce ya yi zafi, a surka. Ta wanke shi a hankali, ta zubar da baƙin ruwa, aka sake wani, shi ma ya yi baƙi. Ba a wanka ɗaya man ya fita ba, ba kuma a na biyu ba. Amma ranar da yamma ta jawo kwano ta kai loma, ta miƙa loma. Da za a shiga ɗaki, Shago ne da kansa ya ɗauki karen ya tsallaka da shi bakin ƙofa.

Sauran daminar a jinya ta ƙare. Shago ya toshe ƙarƙashin rumbu da ƙaya, ya mai da wurin sussuka can bayan gida. Shi yake riƙe kai, ita take ɗiga magani. Sabon gashi ya tsiro, fari kamar na dā, ko da yake gashin cikin bai koma daidai ba. Tarin ne dai kullum gaba. Da tafiya ta gagare shi, sai a ga Shago da sanyin safiya rungume da kare yana zagaya gona da shi. Matasa suka yi ta dariya a ɓoye, wai sarkin karnuka ya zama mai reno. Ya ji su, bai kula ba. Abin da yake cin ransa daban ne: ran da karen nan ya tafi, da wa matarsa za ta ci abinci?

Ranar ta zo da kaka, da hantsi. Alisabatu tana ɓarar gyaɗa a inuwa, Auduga yana kwance a jikin ƙafarta. Ya yi tari, ya miƙe ƙafafu, shi ke nan.

A Unguwar Ɗorawa, mataccen kare igiya ake ɗaura masa a ƙafa a ja shi zuwa kwazazzabon bayan gari. Hannun Shago ya kai kan igiyar kafin ya yi tunani.

"Ajiye," in ji Alisabatu. "Ɗora mini ruwa."

Ya ɗora. Ta surka da kanta. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da farin zanen nan. Ta zauna a ƙasa ta wanke shi tun daga kunne har tafin ƙafa, ta share masa idanu, ta taje gashin da yatsunta. Ta shimfiɗa zanen ta kwantar da shi, ta tsaya tana duban fuskar kafin ta rufe.

"Rahila," ta ce.

Tun ranar suna Shago bai taɓa jin kalmar nan a bakinta ba.

"Rahila! Rahila 'yata! Ban wanke ki ba, ban ga fuskarki ba!"

Kukan ya fashe, irin wanda ake ji har ƙarshen unguwa. Mata suka yo gudu suna tambayar wa ya mutu. Da suka hango abin da yake cikin zanen, sai tsofaffin suka fara tafa hannu. Wata ta ce haba, a kan kare? Wata ta ce kuma sunan 'yar fari take kira, ina kunya? Suka nufo ta za su rufe mata baki.

Shago ya tare ƙofar gida da faɗin ƙirjinsa, hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

"Ku bar ta," ya ce. "Rahila ce ta rasu. 'Yarmu Rahila."

Wasu suka juya, wasu suka zauna nan bakin zaure suka taya ta.

Da la'asar Shago ya haƙa rami a gefen gonar gyaɗarta, Kallamu ya karɓe shi da gwiwar ta gaza. Da suka dawo, Alisabatu ta riga ta tuƙa tuwo, idanunta a kumbure. Ta miƙa masa nasa kwanon. Shago ya riƙe shi bai buɗe ba, yana jira ya ga inda za ta nufa. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunne kusa da shi, ta wanke hannu, ta gutsuri loma. Hannun ya saba, sai da ya yi ƙasa wajen ƙafarta ya tsaya. Ta dubi hannun ɗan lokaci, sannan ta ɗago shi ta kai baki.